Yadda Na Riga Kowa Kama Wuri a Sabuwar Tasha

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe kasuwa a bakin sabuwar tashar bas ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen Runjin Sambo ba za su bari ba. Gara in ba da labarin da bakina, don wanda ke yawo a unguwa an yi masa ƙari, har ana cewa wai na yi rawa. Ban yi rawa ba. Sauran dai duk gaskiya ne.

Bari in fara da halina, don shi ne tushen abin. Ni ba na iya jira. In mutum ya ɗauko magana na hango inda ya nufa, sai in ƙarasa masa mu huta gaba ɗaya. Tun a sakandare haka nake. Malami bai gama karanta tambaya ba na ɗaga hannu, kuma sau da yawa amsar wata tambayar daban nake bayarwa. (Waɗanda na dace kawai nake tunawa, shi ya sa ban gyara ba.)

Da na gama makaranta, sakamako ya fito yadda ya fito, sai na dawo gida na zama ma'aikaciyar Inna. Inna mahaifiyata ce, sana'arta kayan sanyi: zoɓo, kunun aya, ƙanƙara da ruwan leda. Firiza biyu gare ta a zaure, babba da ƙarama. Ita ke haɗawa, ita ke sayarwa, ita ke hira da masu saye. Ni kuwa ofishina yana can ƙuryar tsakar gida, a bakin baho, inda ake wankin robobi. Buhu-buhu ake kawo su, tsofaffin robobin lemo, wasu da ƙasa a ciki, wasu da abin da ba a tambaya. In jiƙa, in cuɗa, in ɗauraye, in kife. Kafin azahar yatsuna sun yamutse kamar na kakata. Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin: shago nawa na kaina, inda zan zauna a gaba, wata ta wanke roba.

Wata safiya ina bakin bahon, rediyon Inna na rataye a ƙusa, sai aka sako hira da wani mutum daga cikin masu tsara gari. Muryarsa irin mai sa barci ce, amma maganarsa ta tashe ni. Ya yi bayanin cewa Sakkwato ta faɗaɗa fiye da abin da kekuna da 'yan kabu-kabu za su iya ɗauka. Unguwanni na ta tsirowa a inda a da gonakin gero ne, mai aiki a tsakiyar gari kuma yana ƙarar da safiyarsa da guminsa a kan hanya. Don haka ana shirin kawo manyan motocin bas da za su riƙa tashi daga cikin gari zuwa gefe-gefensa, a kowane ƙarshe kuma a gina tasha, inda motocin ƙauye masu kawo albasa da shinkafa da dabbobi za su haɗu da su. Sannan ya faɗi abin da ya shige ni: duk inda aka kafa tasha kasuwa na biyo ta, kuma wanda ya fara kama wuri shi ke cin moriya.

Daga baya Inna ta ce mutumin ya yi ta maimaita cewa ana kan nazari ne, ba a tsayar da wuri ba tukuna. Mai yiwuwa ne. Ni a lokacin na riga na yi nisa wajen zaɓen kalar fentin shagona.

Kuma maganar ba ƙarya ba ce. Na san wata mata da ta fara da tukunyar shinkafa da wake a bakin tsohuwar tasha, yau ga ta da gidan haya, ta je Makka ta dawo, ta kai uwarta. Ba ta fi ni wayo ba. Riga kowa zuwa kawai ta yi.

Ba a daɗe ba aka yi odar ƙanƙara daga wani gidan suna a wata sabuwar unguwa can gefen gari, wadda ita kanta ba ta gama samun suna ba. Masu keke suna ce mata Ƙarshen Kwalta, don a nan kwaltar ta gaji ta tsaya. Inna ta aike ni. Ranar na ji gaskiyar mai rediyo a jikina. Keke na farko ya sauke ni a rabin hanya, ya ce nan iyakarsa. Na biyu ya kashe inji yana jiran cikon fasinja, buhuna yana ɗiga a kan ƙafata.

“Malam, mu tahi mana, ƙanƙara na narkewa.”

“Hajiya, ki biya kujerun da sunka rage, yanzu mu tashi.”

“In biya wa iska kujera?”

“To mu jira masu jiki.”

Na sauka na hau kabu-kabu, na rungumi buhun a cinya cikin zafin bazara, na isa gidan sunan kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Rabin ƙanƙarar a zanena ya tsaya.

A hanyar dawowa na gan ta.

Fili ne makeke a gefen titi, an zagaye shi da sabuwar katanga. Ƙofar ƙarfe babba, wadda mota za ta shiga ba tare da ta goga ba. Ta tsakanin ƙarafan ana hango doguwar rumfar kwano da bencina na siminti. Ga tankin ruwa a sama, ga ɗan ƙaramin ɗaki a jikin ƙofa, ga 'ya'yan dogon yaro an shuka a jere an kewaye su da ƙaya. Babu allo, babu rubutu. Na tsaya na raba wa kowane abu aikinsa: rumfa ta fasinjoji, ɗaki na mai yankan tikiti, tanki na alwala da wankin mota. Ban bar komai ba aiki ba. A ƙarshen kwalta, a gefen gari, daidai yadda mutumin ya kwatanta.

Yanzu mai karatu zai ce, me ya hana ki tambaya? Akwai mai shayi a kusa, akwai magina suna aiki a wani gida. Ina da dalili, kuma a lokacin dalilin ya yi mini kyau ƙwarai. A garin nan in kika tambayi mutum ɗaya, kin sanar da unguwa. In na buɗe baki na ce nan ce tashar, kafin in kai gida 'yar mai shayin ta kafa tebur. Sai na haɗiye sirrina.

Tsallaken titi, daidai saitin ƙofar, akwai 'yan shaguna a jere, duk a rufe, ba mai haya. (Wannan ma bai sa na yi tunani ba. Cewa na yi mutane barci suke yi.) Mai su wani dattijo ne, Baba Ummaru, na same shi a kan tabarma a inuwar gidansa da tazbaha a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, niyyata gaisuwa ɗaya in shiga magana. Ina. Ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi Inna da bai taɓa gani ba, ya dawo kan gajiya. Da ya ja numfashi zai sake zagaye, na kutsa.

“Baba, shago nika so. Na tsakiyan, mai kallon ƙohwa.”

Ya juya ya dubi shagon, ya dubi katangar, ya dube ni.

“Mi za ki saida ciki, ɗiyata?”

“Kayan sanyi. Zoɓo, kunun aya, ruwa.”

“To. Amma kin san abin da anka yi wancan wuri dominshi?”

Nan ne wurin. Da rayuwa tana da maɓallin komawa baya, nan zan danna. Ni na ɗauka gwada ni yake yi. In ya ga ban sani ba ya raina ni, in ya ga na sani ya tsuga mini haya. Na zaɓi kada a raina ni.

“Na sani, Baba.”

“Kin sani.”

“Sarai. Dominshi ma na zo.”

Ya ci gaba da jan tazbaha, yana yi mini wani kallo da na fassara da mamakin wayona.

“Mata hwa ba su cika zuwa wurin ba,” ya ce a hankali.

“Za su zo, Baba. In anka buɗe kowa zai zo.”

“Wannan gaskiya ne,” in ji shi. “Kowa zai zo.”

Ya gyara zama ya ɗauko wani dogon zance, wai yayansa Alhaji ne ya ba da filin, wai tun da mutane suka fara yawa a nan yake ta tunani a kan wahalar da ake sha. Na ga in na bar shi sai mun kai kan kakanninsu. Na ce, “Baba, Inna na jirana, nawa ne hayar?” Abin da ya yanka ko tebur ba zai kama miki ba a unguwarmu. Na fito ina jin tausayinsa. Tsoho yana zaune a kan dukiya bai sani ba.

Inna ce ta fi wuya. Na same ta tana tace zoɓo.

“Wa yac ce miki tasha ce?”

“Rediyo.”

“Rediyo yac ce miki can ne?”

“Inna, na gani da idona. Har bencina.”

“Asibiti ma akwai bencina.”

Na yi kwana da kwanaki ina bin ta daga zaure zuwa madafa, daga madafa zuwa zaure. Babbar firiza nake roƙo, wadda a bazara ita ke ciyar da gidan, don ƙaramar ba ta daskarar da komai sai ta ga dama. A ƙarshe Inna ta gaji. Ta ajiye rariya ta dube ni.

“Ki ɗauka. Amma zan taho in gani da idona, ranar da na ga dama, ba sai na hwaɗa miki ba. In na iske ba ciniki, firizata ta dawo zaure, ke ki koma bakin baho, kuma kada in sake jin kalmar shago a gidan ga.”

“Na yarda.”

“Ba ki ji ƙarshen maganar ba.”

“Na yarda da ƙarshen ma.”

Akori-kura ta kai firiza da ɗan janaretan da na aro wurin kawuna. Na yi wa shagon fenti ruwan hoda. Sannan na sayi abin da ya ƙarasa ni: lasifika irin ta masu talla, wadda ake ɗaukar murya ta riƙa maimaitawa da kanta. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗauki tallar ranar buɗe tasha. Ina da guɗa, wannan ko maƙiyina ya sani, gidajen biki har aike ake yi a kira ni. Sai na fara da guɗa doguwa mai ratsa kunne, sannan na ɗora: “Zoɓo mai sanyi! Kunun aya mai daɗi! Ku taho ku sha, yau ranar farin ciki ce!” Murfin batirin yana da sako-sako, sai na naɗe shi da salatif, na naɗe, na ƙara naɗewa, don kada ya ba ni kunya a gaban jama'a.

Sai jira, abin da ban iya ba. Makonni na yi ina kallon ƙofar nan a kulle. Kullum in sha wahalar kekuna zuwa, in sha ta dawowa, ina gaya wa kaina cewa wannan wahalar ita ce shaidar bas na tafe. Masu sayena 'yan magina ne, sai wani Bafulatani mai wucewa da shanu, wanda ya fi son in buɗe firiza ya tsaya ya ji sanyi, sannan ya yi godiya ya wuce. Janareta na shan mai, ni ina shan zoɓon da ya kusa juyawa. In na dawo gida Inna ta ce, “An buɗe?” In ce, “Saura kaɗan.” Ba ta ƙarawa.

Wata maƙwabciya ta leƙo wata rana ta ce, “Ke kuwa ba ki jin komi, zama nan ke kaɗai?” Na ce mata ni neman na kaina na fito, ba na jin komai. Na ɗauka leƙen asiri ta zo yi, har na tashi na kare ƙofar shagon da jikina.

Amma ban karaya ba. Ina zaune ina gina unguwar a kaina. Nan masu lodi za su tsaya suna kiran Runjin Sambo, Unguwar Rogo, Kasuwa. Can masu tsire, can mai cajin waya, can mai faci. Buhunan albasa a jibge, direbobi suna neman abin jiƙa maƙoshi. In shekara ta zagayo in ƙara shinkafa da miya, in kama shagon gefe, Baba Ummaru ya zo yana roƙon a sake duba haya, in ce masa mu bar ta yadda muka yi. Har na zaɓi wadda za ta riƙa wanke mini robobi, wata 'yar ajinmu da ta taɓa yi mini dariya.

Ranar da abin zai faru, na iso da safe na tarar da ƙofar a buɗe, karo na farko. Wasu maza sun shiga da diga da shebur, sun nufi can ƙuryar filin inda ba na hangowa. Wani yana cika jarkoki a tanki, wani yana share gaban ƙofa. Na ce alhamdulillahi, ramin kafa allo ake haƙawa, manya na tafe. Baba Ummaru ba ya kan tabarmarsa. Na ce ya tafi sa babbar riga.

Na jera robobi a tire, na goge lasifika na rataye ta a ƙusar bakin shago, bakinta na kallon ƙofar.

Da hantsi sai ga keke ya tsaya, Inna ta sauko. Ta shigo, ta buɗe firiza, ta ga kaya cike kamar yadda aka zuba su, ta rufe. Sannan ta fita ta tsaya tana kallon katangar. Ta daɗe tana kallo.

“Wagga ita ce tashar?”

“Ita ce. Yau ma za a buɗe, Inna, kin zo a sa'a.”

“Ina motocin?”

Kamar jira suke ta tambaya. Daga inda kwalta ta ƙare sai ga farar bas ta kunno kai, tana tafiya a hankali, fitilunta a kunne da rana tsaka. Bayanta ƙananan motoci, bayansu kekuna, bayansu babura, jere guda har inda ido ya tsaya. Ban taɓa ganin mutane haka a Ƙarshen Kwalta ba. Duk maza. Ba ganga, ba maroƙi, ba mai ɗaukar hoto. Ni dai bas na gani.

“Ga su nan, Inna.”

Inna ta kare ido da hannu. “Ke, dakata,” ta ce. “Dakata in gani.”

Ban dakata ba.

Na danna lasifika na murɗa ta har ƙarshe, na sungumi tire, na tsallaka titi da gudu don in riga kowa bakin bas. Guɗata ta tashi a bayana. Ban san tana da ƙarfi haka ba sai ranar, ta bugi katanga ta dawo. Bas ta tsaya a bakin ƙofa. Na tsaya a gefenta da tire a kafaɗa, ina murmushin da na yi makonni ina ajiyewa. Ba ƙofar gefe aka buɗe ba, ta baya aka ɗaga. Maza suka matso suka sa hannu, suna kalmar shahada ƙasa-ƙasa, suka zaro makara an lulluɓe ta da tabarma.

Wanda ya kama gaba Baba Ummaru ne. Idanunsa sun yi ja. Ya dube ni, ya dubi tiren.

A bayana, muryata ta sanar da jama'a cewa yau ranar farin ciki ce.

Ban san yadda zan kwatanta shirun da taron maza ke yi ba in suna ƙoƙarin kada su kalli mutum. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ba wanda ya tsawata mini, kuma da sun yi da na fi samun sauƙi. Aka wuce da makarar ta gabana, aka shiga ƙofar da na auna wa bas. Guɗa ta sake tashi daga farko.

Na juya da gudu, robobi na zubowa suna gangarawa ƙarƙashin ƙafafun mutane, wani bawan Allah har yana tsince mini. Na cafko lasifika na danna maɓallin da na ɗauka na kashewa ne. Jiniya ta tashi. (Ban ma san tana da jiniya ba. Mai sayarwa ya so ya nuna mini maɓallan, na ce masa na iya.) Na danna wani, ta saki kiɗa irin na motar wasan yara. Na danna na gaba, ta dawo kan guɗa. Na juya ta zan cire batir, na ci karo da salatif ɗina, aikin hannuna, mai kyau, ba ta inda farce zai shiga.

Inna ta miƙo hannu. Ta karɓe ta daga hannuna, ta buɗe firiza, ta cusa ta cikin robobi, ta rufe, ta hau kai ta zauna.

Sauti ya ragu, amma bai tafi ba. Sai na ce bari ni ma in taimaka, na kashe janareta don girmama mamaci. Kuskure ne. Da ƙarar janareta ta ɗauke, unguwar ta yi tsit, sai ga muryata can ƙasa-ƙasa daga ƙarƙashin Inna, tana kiran mutane su taho su sha.

Mata ba sa shiga maƙabarta, kuma shagon da na zaɓa da kaina shi ne mai kallon ƙofa, babu inda zan ɓuya. Haka muka zauna ana binnewa, Inna a kan firiza tana yi wa mamacin addu'a, ni a ƙasa a kan bokiti. Can ta miƙe ta ɗan ɗaga murfin don ta ji ko an huta. Guɗa ta leƙo. Ta mayar, ta sake hayewa.

“Kin tambayi wani?” in ji ta, ba tare da ta dube ni ba.

“A'a.”

“Mutum guda.”

“Ba ni so a riga ni.”

“To ba a riga ki ba.”

Allah ya taimaka, kafin su fito sanyi ya shaƙe lasifikar ta yi shiru. Inna ta sauko ta ce in fito da komai, zoɓo, kunu, ruwa, kada in bar ko leda ɗaya, sadaka ce ga mamacin. Suka fito da ƙasa a hannu da gumi a wuya, cikin zafin nan, suka sha. Ranar ce kaɗai na ga layi a gaban shagona, irin wanda na yi ta mafarki. Kowa ya karɓa sai ya ce Allah ya ba da lada, kuma ba wanda ya kalli fuskata. Wani saurayi ya fara dariya, ya mayar da ita tari.

Baba Ummaru ne ya zo ƙarshe. Inna ta yi masa ta'aziyya, ni na durƙusa har ƙasa. Ashe mamacin yayansa ne, Alhajin da ya ba da filin. Ya ga unguwa na girma, in an yi rasuwa sai an ratsa gari da gawa zuwa tsohuwar maƙabarta, ita ma ta kusa cika. Sai ya yanki gonarsa ya kewaye, ya gina rumfa don masu rakiya da ɗakin ajiye kayan haƙa, ya yi wasiyya a fara da shi. Wannan ne labarin da aka fara ba ni na katse.

“Baba, ka yi haƙuri, ka yahe mani. Wallahi ban sani ba.”

“Ai na tambaye ki, ɗiyata. Kinka ce kin sani.”

“Na ɗauka tasha ce.”

“Tasha.”

“Ta bas.”

Ya juya ya dubi katangar kamar yau ya fara ganinta. Ya dubi rumfar, ya dubi ƙofar.

“To, ta yi kama,” ya ce, don shi mutumin kirki ne. “Ni kuwa cewa na yi lada kika nema, ki shayar da masu rakiya in sun hito. Shi yas sa na rage miki haya. Har marigayi na ba labarinki, shina kwance, nac ce ga wata yarinya ƙarama ta taho tana tunanin lahira tun yanzu. Yas sa miki albarka.”

Na gwammace a ce mari ya yi mini.

Da yamma akori-kurar da ta kawo firiza ta zo ta mayar da ita. Direban ya ce, “Hajiya, har an gama kasuwar?” Inna ta ce, “An gama.” Ta shiga gaba, ni na hau baya na riƙe firiza don kada ramuka su jijjiga ta.

Labari ya riga mu isa Runjin Sambo, don cikin masu rakiyar akwai mai keken layinmu. Kafin a sauke firiza na sami suna: Mai Tasha. Yara na kira, manya na kira. Har yau in an gayyace ni guɗa gidan biki, sai an sami wadda za ta matso ta tambaye ni a hankali ko na tabbatar biki ne.

Washegari na koma bakin baho. Robobin da suka taru a makonnin nan Inna ba ta bari kowa ya taɓa su ba, an jibge su a buhuna har rabin bango. Ta san mai su na tafe.

Maganar bas kuwa har yanzu ana yin ta a rediyo, kuma har yanzu ina ganin gaskiyar mutumin. Garin ya fi ƙarfin keke, wata rana za a kafa tasha a wani wuri, wata za ta riga kowa ta yi arziki. Abin da na koya ba shi da yawa. Gari in yana girma, ba masu zuwa aiki da safe kaɗai yake yi wa tanadin wuri ba. Sannan in dattijo ya tambaye ki ko kin san abu, ki ce ba ki sani ba ko da kin sani, ki zauna ki sha labarin har ƙarshe. Ƙafa ce kawai za ta yi miki tsami.

Kwanan baya na ga Inna cikin fara'a, sai na gwada sako maganar shago ta gefe. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce za mu zauna mu yi maganar ranar da ta ga bas ɗin da idonta, ta leƙa ciki, ta tabbatar kowa a zaune yake yana numfashi.